Babi na Shida: Bashin Miji, Bashin Mata

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne a bi magidanci bashi, ko a bi matarsa. Inda magana ke ɓaci shi ne ranar da mai bin bashi ya je rumfa ya tarar da ita a kulle, ya kira waya ya ji ta a kashe. Daga nan ba ya tsayawa ko'ina sai ƙofar gida. Ya aika yaro: "Je ka ce ana sallama da matar gidan." Ta fito zaure da mayafi, ya gaishe ta a gajarce, ya ce, "Hajiya, Alhaji ya ɓuya mini. Ke ce matarsa, tare kuka ci. Ki san yadda za ki yi da kuɗina." Mata da yawa a nan suke komawa ɗaki su buɗe akwati, su ɗauko sarƙar zinariya ko turamen atamfar lefe, su aika a kira dillaliya, alhali ko kwabo ba a binsu.

Ɗaurin aure ba ya ɗora wa mace bashin mijinta, ba ya kuma ɗora wa namiji bashin matarsa, sai a wurare ƙalilan da za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Haka hukuncin yake a gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci, haka yake a babbar kotun jiha.

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, kowane baligi mai hankali yana da zimmarsa, wato wuyan da haƙƙi ke rataya a kai. Abin da aka ƙulla ranar ɗaurin aure sananne ne: halaccin zama tare, sadaki, ciyarwa, tufatarwa, muhalli, gado idan ɗaya ya riga ɗaya. Haɗe dukiya ba ya cikinsu. Sadakin mace nata ne, gadon da ta ci a gidansu nata ne, ribar ƙosai ko ɗinki ko albashinta nata ne. Zainab, matar sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud, mace ce mai sana'ar hannu, mijinta kuwa ba shi da ƙarfi, har ta aika a tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za ta iya ba mijinta sadaka, aka kuma amsa mata cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ba a yi wa mutum sadaka da abin da dama nasa ne. Tunda dukiya a rabe take, bashi ma a rabe yake. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Dokar Turawan Ingila ta daɗe ba ta kai ga wannan matsaya ba. A wurinsu, da zarar mace ta yi aure, kusan duk abin da ta mallaka ya koma hannun miji, shi kuma ya ɗauki bashin da ta ci tun tana gidansu. Sai a shekarar 1882 majalisarsu ta kafa dokar da ta sakar wa matar aure dukiyarta, ta mallaka, ta sayar, ta ƙulla ciniki da sunanta, a kai ta ƙara ita kaɗai. Najeriya ta gaji wannan tsari tare da sauran dokokin Ingila na wancan zamani. Saboda haka wanda ya yi auren coci ko na rajista a Kaduna ko Jos, shi ma bashinsa nasa ne.

Akwai ƙasashen da abin ba haka yake ba, daga can ne kuma wasu 'yan bokonmu ke kwaso ruɗani. A Afirka ta Kudu, idan ma'aurata ba su rubuta wata yarjejeniya kafin aure ba, dukiyarsu da bashinsu sun zama ɗaya, har wanda aka ci kafin a san juna. A Amurka jihohi 9, cikinsu har da Kalifoniya da Texas, suna ɗaukar abin da aka samu a cikin zaman aure a matsayin na mutum biyu. Faransa, tun gyaran dokarta na 1965, ta mai da abin da aka tara bayan aure na tarayya ga duk waɗanda ba su zaɓi wani tsari ba, kuma bashin da ɗayansu ya ci don hidimar gida ko tarbiyyar 'ya'ya ana iya bin kowannensu. Wanda ya ɗaura aure a ɗaya daga waɗannan wurare, ya bincika dokar wurin. A Nijar kuwa, duk da dokokin da aka gada daga Faransa, al'ada ce kotu ke bi a sha'anin aure da gado na mafi yawan jama'a, al'adar Bahaushen Maraɗi ko Damagaram kuma a jiƙe take da Malikiyya kamar ta Bakano.

Amma mai shagon da ya tsaya a zaure bai karanta dokar Faransa ba. Abin da ya sani shi ne mace ba ta son a ji kan gidanta. Ya san za ta gwammace ta kwana ba ɗan kunne da a tara mata 'yan unguwa. Da kunyarta yake karɓar kuɗinsa, ba da shari'a ba.

Wuri na farko da bashin ɗaya ke hawa kan ɗaya, kan namiji yake hawa. Ciyar da mace wajibi ne a kan mijinta ko da ta fi shi arziki nesa ba kusa ba. Idan magidanci ya yi tafiya bai bar komai ba, ko yana gari ya ƙi ba da kuɗin cefane alhali yana da hali, matar ta karɓo masara da mai da sabulu a wurin mai shago, wannan bashi asalinsa na miji ne, domin haƙƙin da ke kansa aka sauke. Ko daga jakarta ta fitar ta ciyar da kanta a lokacin da yake da wadata, malaman Malikiyya sun ce tana da ikon binsa, kuɗin sun zama bashi a wuyansa. Idan kuwa a lokacin babu ce ta kama shi da gaske, ciyarwar wannan lokaci ta faɗi, ba za ta bi shi ita ba bayan ya samu. Sun ƙara da wani bayani mai amfani ga matan matafiya: wadda mijinta ya yi nisa, ta je ta shaida wa alƙali cewa bai bar mata abinci ba, to daga wannan rana maganarta ake kamawa, tare da rantsuwa, idan ya dawo ya ce ai yana aikowa. Hindu 'yar Utba ta kai wa Manzon Allah kukan rowar mijinta Abu Sufyan, aka yi mata izini ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Dokar Ingila ta gargajiya ma ta san wani abu mai kama da wannan, inda ake ɗaukar matar da ke zaune da mijinta a matsayin wakiliyarsa wajen sayen kayan masarufi.

Iyakar abin ke nan, kayan buƙata daidai da matsayin gidan. Ankon biki uku a wata ɗaya, zubin adashin da ta kwasa ta kasa ci gaba, kayan da ta saro a Kantin Kwari suka kwanta, kuɗin da ta ranta ta yi wa ƙanwarta gara, duk waɗannan nata ne. Uwar adashi ba ta da hujjar tare miji a bakin masallaci. Idan ya biya, mutunci ya yi, kuma da yawa suna yi.

Wuri na biyu shi ne wanda ya fi cinye mata, wato lamuni. Aure ba ya sa ki cikin bashi, amma sa hannu yana sa ki. Maigida ya shigo da dare da takardu a ambulan, ya ce, "Maman Abba, ga wata 'yar takarda ta banki, sa mini hannu nan da nan. Ba komai ba ne, sharaɗinsu ne kawai." Ta karɓi biro ta sa, ko ta dangwala yatsa. Daga wannan lokaci ta zama garanto, zimmarta ta shiga cikin tasa. A asalin hukuncin Malikiyya ba a taɓa mai lamuni matuƙar wanda ya ci bashin yana nan kuma yana da abin biya, sai fa idan an sharɗanta akasin haka. Takardun banki kuwa kusan kullum sun sharɗanta, da ƙananan haruffa, cewa banki na da zaɓin ya fara da wanda ya ga dama.

Malamai sun ɗauki lamuni a matsayin kyauta, tunda mai yinsa ba ya cin komai, asara kawai yake iya yi. Shi ya sa Malikiyya suka ce idan matar aure ta tsaya wa wani a kan abin da ya haura sulusin dukiyarta, mijinta na da ikon warware lamunin. Wannan katanga ce da ke kare ta daga ɗan'uwa ko maƙwabci mai daɗin baki. Sai dai idan mijin ne da kansa ta tsaya wa, katangar ba ta nan, domin mai ikon warwarewar shi ne mai cin moriyar. Lamunin ya hau kanta ko da zai lashe duk abin da ta mallaka, idan kuma ta zo daga baya ta ce tilasta mata ya yi, sai ta kawo shaida. Ina shaidar abin da aka yi a ɗaka, tsakanin miji da mata, bayan yara sun yi barci? Tilascin ma sau da yawa ba na duka ba ne. Fushi ne na kwana uku, da ƙin cin abinci, da "ashe ba ki yarda da ni ba."

Kotunan Ingila sun yi fama da wannan matsala. A 1993 kotun ƙolinsu ta lokacin ta saurari shari'ar bankin Barclays da wata mata, matar O'Brien, wadda ta sa hannu aka jinginar da gidan da suke zaune don bashin kamfanin mijinta, bayan ya gaya mata cewa fam 60,000 ne kawai kuma na ɗan lokaci. Kotu ta ce banki ba zai karɓe gidan da wannan sa hannu ba, tunda ya san alaƙar da ke tsakaninsu amma bai tabbatar an wayar mata da kai ita kaɗai ba. A 2001, a shari'ar da aka fi sani da Etridge, aka shimfiɗa ƙa'ida cewa kafin banki ya karɓi lamunin mace a kan bashin mijinta, sai lauya ya zauna da ita ba a gaban mijin ba, ya bayyana mata abin da za ta iya rasawa. A ganina wannan ƙa'ida ce da ya kamata bankunanmu su riƙa da kansu, ko ba a tilasta musu ba, musamman a yankin da mata da yawa ba sa karanta Turancin da aka rubuta takardar da shi.

Akwai kuma abin da ya fi lamuni muni, shi ne a ci bashin da sunanta. Bankunan ba da ƙananan rance sun fi amincewa da mata, suna tara su ƙungiya ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yan'uwanta, ana zubi duk mako. Sai miji ya tura matarsa ta karɓo, ya sayi babur ko taki, ko ya toshe wani ramin bashin. A takarda sunanta ne, hotonta ne, lambar BVN ɗinta ce. Ranar da zubi ya gagara, ba wanda ya san shi. Ita 'yan ƙungiya za su zauna wa a tsakar gida. Tun watan Agustan 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun da mai bashin ke da shi a wasu bankuna idan ya ƙi biya. Wanda sunansa ke kan rancen shi na'ura ke bi, ba ta tambayar wa ya hau babur ɗin. Haka ma'auratan da suka buɗe asusun haɗin gwiwa su sani cewa kuɗin da aka gauraya yana da wuyar tsamewa ranar rigima.

Game da masu zuwa da ɗan sanda, maganar gajeriya ce. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana a kama wani a madadin wani, sashe na 8 ya hana kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki kawai, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata duka biyun. Ɗauke mace a kai ta caji ofis "har sai mijinta ya fito" karya doka ne, komai yawan kuɗin. Su kuma manhajojin ba da rance na waya da ke kwashe lambobin mutum su riƙa aika wa matarsa da surukansa saƙon cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara dirar musu tun 2022, Google kuma a 2023 ya hana irinsu shiga jerin lambobi da hotunan masu waya. Sanya lambarki a gurbin "makusanci" ba lamuni ba ne.

Kada a fahimce ni da cewa ina zuga mata su naɗe hannu miji na nutsewa. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna tsaye ne a kan awarwaron da wata baiwar Allah ta cire ba tare da kowa ya ji ba, kuma ina ganin girman wannan ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi alheri da sunan wajibi. Wadda ta san ba a binta, ta bayar don Allah da don zaman tare, ta yi kyauta, za a gode mata. Wadda aka tsorata ta bayar, ƙwace aka yi mata, ko da ba wanda ya ɗaga murya. Sannan wadda ta bayar da niyyar rance, a kira shi rance. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, ba ta kuma cire ma'aurata ba.

Inda duk wannan ke fitowa fili shi ne ranar mutuwa. An dawo daga maƙabarta, an yi sanarwar da aka saba: duk wanda ke bin mamaci ya zo ya faɗa. Kafin sadakar uku masu bashi sun fara layi, matar na zaune a kan tabarma cikin takaba, ba ta ko iya haɗa lissafi. A nan ake yi mata kwarjini da maganar da gaskiya ce amma aka karkatar da ita: ran mamaci a rataye yake har sai an biya masa bashi. Haka ne, nauyin bashi a kan mamaci babba ne. An kawo wata gawa Manzon Allah ya dakata da yi mata salla saboda 'yan dinarai, sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Amma a lura, Abu Ƙatada da bakinsa ya ɗauka. Ba a aika gidan mamacin a ce matarsa ta fito da abin wuyanta ba.

Daga dukiyar da mamaci ya bari ake biya, bisa jeri sananne. A fara fitar da haƙƙin da ke rataye da wani abu takamaimai, kamar gonar da ke jingine. Sai kuɗin likkafani da binnewa. Sai basussuka. Sai wasiyya, iyakarta sulusi. Abin da ya saura shi ne gado, a nan matar ke samun tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu, shi kuma miji rubu'i ko rabi idan ita ce ta rasu. Idan bashi ya cinye dukiyar duka, magada sun tashi a tutar babu, masu bashi su raba abin da ya samu gwargwadon abin da kowa ke bi, ragowar kuma ba ta tsallakawa zuwa aljihun matar ko na 'ya'ya. Sahabi Zubairu ɗan Awwam ya rasu a shekara ta 36 bayan hijira da bashin da ya kai miliyan 2 da dubu 200, yawancinsa ajiyar mutane ce da yake mayarwa rance don kada ta salwanta a hannunsa ba lamuni. Ɗansa Abdullahi ya sayar da filin Gaba da ke kusa da Madina da wasu gidaje ya biya, sannan ya ƙi raba gado har shekara 4, kowace shekara yana shela a lokacin aikin hajji ko akwai sauran mai bi. Bayan nan ne matan Zubairu su huɗu suka karɓi rabonsu. Bashi ya jinkirta musu gado, bai taɓa abin hannunsu ba.

Abin hannun nan shi ne kayan ɗaki, kuma a kansa ake yawan zalunci. Gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka da firji, a al'adarmu iyayen amarya ke kai su, wani uban sai ya sayar da gona. Ba sa cikin dukiyar mamaci. Idan aka yi jayayya ba shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a al'ada a bar wa mace bayan ta rantse, abin da aka san na maza ne a bar wa ɓangaren miji. Ƙanin mamaci da ya shigo da takarda da biro yana rubuta har keken ɗinkin matar wansa cikin kayan da za a sayar a biya bashi, ko bai sani ba ne, ko ya sani ya take.

Sau da yawa ma ita kanta matar tana cikin masu bin bashin, ba ta dai shiga layi ba ne. Ragowar sadakin da aka yi wa ajali ba a cika ba bashi ne, ana fitar mata da shi kafin a raba gado, daban da tumuninta. Kuɗin gadon mahaifinta da ya karɓa ya ƙara jari, idan rance ne, bashi ne. Har abin da ta kashe a kan shi kansa, ba na almubazzaranci ba, malamai sun ce tana iya nema ko da a lokacin ba shi da hali, sai idan da niyyar kyauta ta yi. Amma kotu ba ta aiki da abin da zuciya ta sani. Alƙali zai nemi shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarta tunda magana ce ta dukiya, sannan ya ƙara mata wata rantsuwar da ake yi wa duk mai da'awa a kan mamaci, cewa ba a biya ta ba, ba ta kuma yafe ba. Takardar banki tana taimakawa, tana nuna ranar da kuɗi suka fita daga asusunta suka shiga nasa. Abin da ba ta nunawa shi ne ko rance ne ko kyauta, a nan kuma dangin miji ke kafa ƙafa. Layi biyu a littafin makarantar yara, da kwanan wata, da sa hannunsa, da na wanta da na wani aminin mijin, sun isa su raba wannan gardama.